Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram A Kan Haƙƙin Mai Saye

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram, a fadarsa ta Birni, Zinder.

 Da ban girma irin wanda ya wajaba talaka ya yi wa uban ƙasarsa, da neman gafara a kan shiga sha'anin da ya fi ƙarfin irina, ina roƙon izni in gabatar da wata magana wadda ta daɗe tana yawo a bakin jama'a, a zauruka da bakin famfo da gindin itatuwa, amma ba ta cika samun mai kai ta ƙofar fada ba, saboda kowane ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa yana ganin asararsa ta yi ƙanƙanta da a tayar da dogari dominta. Maganar kuwa ita ce ta haƙƙin mai saye a kan mai sayarwa, da rashin wata ƙofa mai sauƙi wadda wanda aka cuta a ciniki zai ƙwanƙwasa a saurare shi. Na zaɓi in rubuta ta a buɗe domin ƴan kasuwa su ji abin da ake faɗa a kansu, su kuma sami damar kawo tasu hujja, gama ba adalci ba ne a kai ƙarar mutum a bayan idonsa.

Ranka ya daɗe, zan fara da tiya, domin ita ce ma'aunin da cikin talaka ya sani. Ma'aikatan da ke bin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan suna lissafin tiyar gero a kan kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40. Amma duk wanda ya tsaya a rumfunan masu awo na Kasuwar Dole ranar Alhamis, ya zuba ido da kyau, zai ga cewa sunan ɗaya ne, kwanonin kuwa ba ɗaya ba ne. Akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa ya turo ciki, akwai wanda aka rage wa baki, akwai mai awon da ke da kwano biyu, babba na karɓa daga hannun baƙauyen da ya kawo hatsi daga Mirriya ko Matamaye, ƙarami na zuba wa yarinyar da aka aiko daga gida. Ko da kwanon daidai ne, sauran aikin yana ga hannu: idan shi ke saye sai ya tare bakin kwano da damtsensa ya yi wa hatsin tozo har ya kai ga gwiwar hannu, idan kuwa shi ke sayarwa sai ya girgiza kwanon kafin ya juye, tozon ya zube a tabarmarsa. Wani zai ce ai wannan ɗan abu ne, tafin hannu guda ne kawai. To, a ɗauka kashi ɗaya cikin goma ake tauye wa gidan da ke cin tiya guda kullum. Kafin shekara ta zagayo an ci masa tiya 36, wato kusan buhu cur, alhali mai gidan bai taɓa ganin ranar da aka shiga rumbunsa ba.

Abin bai tsaya ga hatsi ba. Akwai buhun da samansa gero ne tsantsa, ƙasansa ƙaiƙayi da tsakuwa. Akwai man gyaɗa da aka surka da wani mai. Akwai kwalbar ƴan ruwa-ruwa da ake kira lita alhali ba ta kai ba. Akwai salular da za ta mutu kwana uku bayan an biya kuɗinta, da tela ko magini da ya karɓi kafin alƙalami ya shiga wasan ɓuya da mai aiki har salla ta wuce. Idan wanda aka cuta ya koma, amsar da zai ji sananniya ce: ai da ka duba, ko kuwa kaya in ya fita ba ya dawowa, ko kuwa ni ma haka aka aiko mini. Daga nan sai ƴan kallo su taru su ba shi haƙuri, su ce ya bar wa Allah, shi kuma ya ce Allah ya isa, ya kama hanyar gida. Haƙuri ɗabi'a ce mai daraja, ba kuma ni zan rage mata daraja ba. Sai dai idan ya zama mai ha'inci ya riga ya sa haƙurin talaka cikin lissafin ribarsa tun kafin ya buɗe rumfa, lalle al'amarin ya fita daga babin kyawun hali ya shiga babin zalunci, kawar da zalunci kuwa aikin masu mulki ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Allah ya ba ka nasara, shi ne cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan mas'aloli da ke baƙuwa ga malamanmu. A kowane zauren karatu na Birni da Zango da Garin Malam, ɗalibin da ya kai babin ciniki a Risalar Ibn Abi Zaid, balle wanda ya shiga Muhtasar na Halil, ya karanta cewa algus haramun ne, cewa wajibi ne mai kaya ya bayyana aibin da ya sani a cikin kayansa, cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Ya karanta hukuncin wanda ya ƙi tatsar akuya kwana biyu domin hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, da na wanda ke ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya zuga wani, da na masu tare baƙi a hanya su saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda da sunan masu tauye ma'auni, ya kuma ba da labarin halakar mutanen Annabi Shu'aibu a kan wannan laifi. Hadisi ya zo da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma tsawata wa mai shi. Tun a ƙarni na 9 na Miladiyya wani malamin mazhabarmu ta Malikiyya a Ƙairawan, Yahaya ɗan Umar, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Shaihu Magili kuwa, wanda ya ratso ta Abzin ya shiga Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, da ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songai, ya ɗora wa sarki alhakin daidaita ma'aunai da hana algus a ƙasarsa. Ilmin yana nan cikin gafaka, ana biya shi safe da yamma. Abin da ya ɓace shi ne mai ɗaukarsa daga zaure ya kai shi bakin rumfa, wato aikin da magabata suka kira hisba.

Garin nan ma, in an duba, da amana ya girma. Sa'ad da Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe ƙasar daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa, ba ƙarfin yaƙi kaɗai ya jawo ayarin Tarabulus da Gat da Agadas zuwa Zango ba, ko fataken Kano da Kukawa, ko masu gishirin Bilma. Abin da ya jawo su shi ne baƙo ya san idan ya sauke kayansa a gidan fatoma akwai wanda zai tsaya masa, dillalin da ya ci la'ada kuwa shi ake kamawa idan ciniki ya ɓaci, bayansu duka kuma akwai alƙali da fada. Har Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, a nan ya zauna a ƙarshen 1852 yana jiran guzurin da za a aiko masa ta hamada, attajirai irin su Malam Yaro kuwa sun yi mu'amala da mutanen da ke nesa da su tafiyar watanni a kan magana da wasiƙa kawai. Ba na da'awar cewa wancan zamani ya kuɓuta daga zalunci, domin kasuwar da aka sayar da ƴan Adam a cikinta ba za a kira ta madubin adalci ba. Abin da nake nufi kawai shi ne a wancan lokaci kowane ciniki yana da wanda ake tuhuma idan ya lalace, yau kuwa kaya na fitowa daga Sin ko Dubai su bi ta hannu bakwai, kowane hannu yana nuna na bayansa.

Hukuma ba ta yi barci ɗungum a kan wannan ba, wajibi ne a faɗi gaskiya. A watan Mayu na 2015 an kafa doka mai lamba 2015-24 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare masu saye a Jamhuriyar Nijar. Akwai ma'aikatar ciniki da reshenta a jihar nan, akwai hukumar ANMC da aka ɗora wa duba ma'aunai da ingancin kaya, akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka shekara da shekaru suna wannan fafutuka. Dattawa ba su manta da 2005 ba, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, jama'a suka rufe kasuwanni a manyan garuruwa har gwamnati ta sassauta. Sai dai waccan gwagwarmaya ce ta jama'a gaba ɗaya a kan abu guda babba. Abin da nake kuka a kansa shi ne ɗan ƙaramin rikici na mutum guda da mai rumfa guda. Dokar da Faransanci aka rubuta ta, manyan ofisoshin suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, tsohuwar da aka tauye wa hatsin dala hamsin kuwa, idan ta ce za ta bi haƙƙinta, kuɗin kabu-kabu kaɗai zai cinye abin da take nema, ban da wunin da za ta yi a kan benci, ban da tsoron shiga wurin da ba ta jin harshen da ake yi. Tun da yake kundin tsarin mulkin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ban ga sauran uzurin da zai hana a juya wannan doka zuwa Hausa, a karanta ta a gidajen rediyon garin nan har mai tallan ƙosai ta san abin da ke cikinta ba. Kalma guda daga bakin sarki zuwa ga gwamna za ta gaggauta wannan fiye da takardun koke ɗari.

To, ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar sabuwar doka ko kuɗi masu yawa. Ina roƙon fada ta kira sarkin kasuwa da shugabannin masu awo da ma'aikatan duba ma'aunai na gwamnati, a zauna a yarda da tiya guda, a auna ta a kan sikeli a bainar jama'a, a yanke maganar tozo, ko dai a shafe baki ko a bar shi, amma hukuncin ya zama ɗaya ga saye da sayarwa. Sa'an nan a buga wa kowane kwanon da ya dace hatimi, a rataye guda da sarƙa a ƙofar Kasuwar Dole da ta kowace babbar kasuwa a ƙasar Damagaram, tare da sikeli, yadda duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da awon da aka yi masa ba zai je ya sake aunawa ba tare da ya biya ko dala ba. Fa'idar wannan ba kama ɓarawo ce kaɗai ba. Mai awo na kirki, kuma suna da yawa, shi ne zai fi kowa cin moriya, domin a halin da ake ciki maƙwabcinsa mai ƙaramin kwano yana karya farashi ya janye masa masu saye, shi kuwa ba shi da abin da zai nuna gaskiyarsa da shi sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ta yi araha a kasuwa.

Bayan ma'auni sai wurin kai kuka. Dokar da ta tsara sha'anin sarautun gargajiya ta 2015 ta tabbatar wa sarakuna ikon yin sulhu tsakanin masu jayayya, saboda haka ba shiga hurumin kowa ba ne idan fada ta keɓe rumfa guda a cikin kasuwa, ranar Alhamis daga hantsi zuwa la'asar, inda wakilin sarki zai zauna tare da sarkin kasuwa da malami masanin babin ciniki da wakilin ƙungiyar masu saye, a kira mai kaya nan take, a ji ta bakin kowa, a raba gardama kafin kasuwa ta watse. Ina ƙara roƙo kada a rasa dattijuwa a wannan zama, domin yawancin cefanen gidajenmu mata ne ke aika yara su yi, akwai kuma matar da ba za ta iya buɗe baki gaban taron maza ta ce an cuce ta ba. A riƙa rubuta abin da aka yanke cikin littafi, da ajami da boko, domin wanda sunansa ya yi ta maimaituwa a san shi. Wanda ya ƙi sulhu kuwa a ba mai ƙara takarda ya tafi gaban alƙali da shaidarsa a hannu. Kunyar a kira mutum gaban wakilin sarki a tsakiyar abokan sana'arsa ta fi tara tsoratarwa ga yawancin mutanenmu.

Kada ƴan kasuwa su ɗauka na zo ne in yi musu kuɗin goro. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai mai saye da zai karɓi kaya bashi ya sauya hanya, akwai wanda zai lalata abu da hannunsa ya dawo yana rantsuwa haka ya saya, akwai ma'aikacin da littafin bashin mai kanti ya cika da sunansa tun watanni. Ƙaramin ɗan kasuwa shi ma mai saye ne a wurin babban dila, sau da yawa kuma buhun da ya sayar a tauye, a tauye ya karɓo shi. Sun sha wuya da rufe iyakar Nijeriya a 2019, suka sake shan wata da takunkumin 2023, ga hawa da saukar naira da ke iya cinye jarin mutum tsakanin Kano da Magarya. Saboda haka rumfar sulhun nan tasu ce kamar yadda take ta masu saye. Ba kuma ina neman fada ta yanka wa kaya farashi ba ne, gama an roƙi Manzon Allah ya yi haka a Madina lokacin tsada bai yi ba, malamai kuma sun yi taka-tsantsan ƙwarai a wannan babi. A bar kowa ya ce albarka har sai an kai inda ya ga zai sallama, amma abin da aka sallama ɗin ya zama shi ne aka ambata, a cikakken ma'auninsa.

Akwai nau'i guda na algus wanda sulhu ba ya shiga cikinsa, shi ne na magani. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutane fiye da 50,000 a ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu, wadda ba ta ɗauke da komai na magani, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutuwar mutum 2,500 a sanadin haka. A 2015 da 2019 hukumar ta sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a Nijar. Duk da haka har gobe yaro na yawo da faranti a ka, ƙwayoyi ja da rawaya a zube cikin zafin bazara, yana rubuta wa uwar jariri magani alhali shi kansa bai iya karanta abin da ke jikin kwalin ba. Na san talauci ne ke tura mutane can, domin ɗakin sayar da magani ba ya ɓalle ƙwaya biyu ya sayar, mai faranti kuwa yana yi. Amma wanda aka tauye wa gero zai ƙoshi wata rana, wanda aka ba alli a madadin maganin zazzaɓi kuwa sai dai a yi wa iyayensa ta'aziyya. A nan abin da ake bukata daga fada shi ne murya: a umurci limamai su yi huɗuba a kai, masu unguwanni su sanar da hukumar lafiya inda ake jibge irin waɗannan kaya, kada kuma wani mai alfarma ya je ceton dilan da aka kama.

Saura manyan kamfanoni, na ruwa da lantarki da waya, waɗanda talaka ba ya ganin fuskar mai su balle ya yi masa Allah ya isa. Ƙishirwar Zinder tsohuwa ce, tana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birni suka mayar Yamai a 1926, kuma duk da rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, har yanzu akwai unguwannin da ke kwana a bakin famfo da bazara. Jama'a sun fahimci cewa gari a kan dutse yake, ba kuma wanda ke tuhumar ma'aikaci a kan abin da ƙasa ta hana. Abin da ke ƙona rai shi ne magidanci ya biya ƴan garuwa wata guda cur, sa'an nan takardar kuɗin ruwa ta iso shi kamar famfonsa bai taɓa ƙafewa ba, idan ya je neman bayani a ce ya fara biya tukuna. Haka mai firji da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone masa jari, haka wanda kuɗin kiransa ya narke bai kira kowa ba. Akwai hukumomin sa ido, ARSE a kan makamashi da ARCEP a kan sadarwa, amma mutum nawa ne a Kara-Kara suka san da su? Da fada za ta riƙa gayyatar wakilan waɗannan kamfanoni sau biyu ko uku a shekara, su zauna a gaban masu unguwanni su amsa koke-koken da aka tattara, a kuma watsa zaman a rediyo, da sun zo, domin ba a ƙin amsa kiran Sarkin Damagaram a cikin Damagaram.

Idan sarki ya ga dacewar wani abu daga cikin wannan, ina ganin a fara da tiya, a kuma fara kafin kaka, domin a lokacin ne manomi ke fito da hatsinsa yana bukatar kuɗi, a lokacin ne kuma babban kwano ke yi masa ɓarna mafi yawa. Maƙeran garin nan za su iya ƙera hatimin cikin mako guda, sarkin kasuwa kuma ya san masu awonsa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ƙara wa sarki imani da lafiya, ya taya shi riƙon talakawansa. Wassalam.

Daga talakanka, mazaunin Zango, Zinder.